Gado na Uku a Motar Silke

"Torben! Wa ya ce ka cire min kantata?"

Silke ce tsaye a ƙofar motar, rungume da kwandon da ta ciko da taliya, kifin gwangwani da garin kofi. Jiya-jiyan nan kantar littattafanta na nan a bayan kujerar direba. Yau babu ita, babu dalilinta. Sai wani faffaɗan katako da aka ɗora wa sabuwar katifa, ga ƙarfen riƙewa an kafa a gefensa.

Mijinta ya ɗago daga durƙuson da yake, guduma a hannu, goshi duk gumi.

"Masoyiyata, tsaya ki ji..."

"Riƙe daɗin bakinka! Gadon wa ne wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Na Baba ne."

Kwandon ya suɓuce mata, gwangwanaye suka bi ƙasa suna gangarawa.

Tun da aka binne mahaifiyarta, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifinta Baba Eckhard, Silke ba ta ƙara sanin hutu ba. Ita ce girki, ita ce magani, ita ce zaryar asibitin garin Husum da ke arewacin Jamus. Ko da suka yi aure bara, Torben ne ya tattaro kayansa ya dawo gidan Baban, washegarin biki kuwa da sassafe tana kicin tana dafa wa tsoho ƙwai.

Shi ya sa suka sayi tsohuwar motar nan mai ɗaki da kicin a cikinta. Duk tsawon hunturu a rumfar bayan gida suka yi shi, yatsu na daskarewa. Sun kankare tsatsa, sun toshe yoyon rufi, sun canza tankin ruwa da tayoyi. Labulayen ma da hannunta ta ɗinka. Burinsu su ratsa Denmark, su hau jirgin ruwa, su nausa arewacin Norway inda rana ba ta faɗuwa da bazara. Su biyu rak. Yayanta Henning, da ke zaune a Hamburg, shi ya yi alkawarin zai zo ya zauna da Baba har su dawo.

"Yaya Henning ya kira ni shekaranjiya," in ji Torben a hankali. "Wai matarsa Dorte ta riga ta kama musu masauki a bakin teku a Sifaniya... ba zai samu zuwa ba."

"Kai ya kira? Ni na mutu ne?"

"Ya ce yana tsoron bakinki."

"Shi ne kuka haɗa kai, maza biyu, kuka yanke hukunci a kan rayuwata! Kai kuma ka ɗauki guduma ka hau aiki, ko ka ce min uffan!"

"Na ɗauka za ki ji daɗi, ai mahaifinki ne..."

"Kai za ka gaya min mahaifina ne? Wa yake yanke masa farce? Wa yake tashi idan ya yi tari? Abu ɗaya na roƙa a duniya, Torben. In farka da safe ba wanda ke jiran in miƙo masa magani. Abu ɗaya!"

Bai kai ga amsawa ba wata doguwar mota baƙa ta shigo harabar gidan. Henning ne ya fito, fes da shi cikin farar riga, yana murmushi kamar wanda ya zo karɓar kyauta. Ya buɗe bayan motar ya ciro keken guragu mai naɗewa.

"Ƙanwata! Ga tawa gudummawar. Mara nauyi ne, zai shige ƙarƙashin gado tsaf."

Silke ta diro daga motar, ba ta ko taka matakala ba.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya. Ka sayi keke, ka sauke nauyi ke nan?"

"Haba Silke, ki fahimce ni. Dorte ta gaji, shekara guda tana aiki ba hutu..."

"Allah sarki Dorte! Ni kuwa da yake ƙarfe ce, ai ba na gajiya."

"Ke fa kin saba da shi. Ni ko maganinsa ban san kansa ba."

"Ni da saninsa aka haife ni? Koya na yi, ina kuka ina koya! Kai kuwa sai ka zo ranar Kirsimeti da kek, ka sumbaci goshinsa, a ɗauke ku hoto, ka kama hanya. Dangi na ta cewa Henning ɗan albarka!"

"Ki iya bakinki, ni yayanki ne."

"Yau ka tuna?"

Ƙwanƙwasa suka ji mai ƙarfi a jikin motar. Duk suka waiwaya.

Baba Eckhard ne tsaye, ya dogara da sandarsa, hular lambu a kansa. Ashe yana bayan shingen furanni tun ɗazu. Silke ta dube shi a tsorace. Me da me ya ji?

"Kun gama rabon nawa?" ya tambaya. Maganarsa na fita da nauyi tun bayan ciwon, amma yau ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba. "Wannan ya tura wa wancan, wancan ya ƙera akwatin da zai saka ni. Buhun dankali ne ni? A cikinku wa ya tambaye ni ko ina son zuwa Norway?"



"Baba, ni dai na ga kamar..." Torben ya fara.

"Kai yi min shiru, surukin kirki mai aikin wauta! Ina ka taɓa jin an tafi yawon amarci da tsoho mai minshari?"

Ya juya kan ɗansa, ya nuna shi da sanda.

"Kai kuma. A gaban jama'a ka miƙe ranar bikin yarinyar nan, kofi a hannunka, ka ce bazara mai zuwa Baba naka ne. Har da tafi aka yi maka. To bazara ta zo, ga ni."

"Baba, Dorte fa ta riga..."

"Ka ce mata ta taho da kayan wankanta. Mu ma muna da teku a nan. In ta tarar ruwan ya janye, ta zauna ta jira shi, yana dawowa. Ɗakinka na nan yadda ka bar shi. Wannan keken kuma ka mayar, da ƙafata zan riƙa zagaya ka."

Henning ya dubi keken da ya kawo. Kunnuwansa suka yi jajir.

Sai tsohon ya dubi 'yarsa, muryarsa ta sauka.

"Zo nan, auta."

Ta matso tana sharar hawaye. "Baba, ka yafe min. Abin da ka ji na faɗa... ba wai ba na son ka ba ne..."

"Na sani. Gaskiya kika faɗa, kuma kin makara wajen faɗin ta." Ya kama hannunta da hannunsa mai lafiya. "Uwarki ta so ganin duniya. Kullum sai mu ce baɗi, saboda kullum akwai wanda ake jinya, yau uwata, gobe tata. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta wuce Denmark ba. Ba zan ci bazararki ba, Silke. Na ci da yawa."

Ta faɗa ƙirjinsa ta fashe da kuka.

Da yamma ta tarar da Torben a cikin motar yana kwance ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna a bakin ƙofa ta juya masa baya.

"Har yanzu fushi kike?"

"Sosai ma."

"Tsoro na ji," ya ce. "Na san ki. Da kin ji Yaya ya fasa, cewa za ki yi a bar tafiyar, ki koma kicin kina murmushin da ba na so. Na ce gara mu tafi mu uku da a ce ba ki tafi ba sam."

Ta san haka ɗin za ta yi.

"Duk da haka sai ka tambaye ni. Matarka ce ni, ba majinyaciyarka ba."

"Na yi kuskure, zuciyata. Ba zan ƙara ba."

"Za ka ƙara mana, ai namiji ne kai." Ta miƙa hannu ba tare da ta waiwayo ba. "Ba ni abin kwancewar, kana lalata min katako."

Ranar tafiya gari ya waye tas. Sun cika tanki, sun gwada tukunyar gas, sun ɗaure kekunansu a baya. Henning na tsaye a ƙofar gida da ƙyallen girki a wuya, fuska a murtuke, Baba na gefensa yana yi masa faɗan ya ƙona burodi.

Silke ta riƙa ɗaga hannu har shingen gidan ya ɓace. Daga nan kuka ya ƙwace mata, mai sauti, kamar ƙaramar yarinya.

Torben ya rage gudu, ya gangara gefen titi.

"Rabin raina... mu koma ne?"

Ta ɗago jajayen idanunta ta galla masa harara.

"Ka kuskura ka juya motar nan, na rantse da ƙafa zan tafi Norway!"

Ya tuntsire da dariya, ita ma ta kasa riƙe tata, ga hawaye ga dariya. Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa.

"Ja mu tafi, mijina. Kar jirgin ya bar mu."