Koren Layi a Idon Nafi'u

Ku matso kusa. Kai Sagiru, in ka sake yi min dariya, waje za ka kwana. Labarin nan ni har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Nafi'u mai gyaran waya abokina ne. Shagonsa ne na ƙarshe a layinsu, a kasuwar waya. Bayan shagon akwai tsohuwar rijiya, da tsamiya a kanta. Idonsa shi ne jarinsa. Sikirin ɗin nan masu tsada da ake ce wa Oled, waɗanda kowane ɗigo yake kunna haskensa da kansa, shi ake kai wa ya duba kafin a ɗora wa waya. Sai ya rufe ƙofa, ya kashe fitila, ya sa sikirin ya yi ja, ya yi kore, ya yi shuɗi, sannan baƙi ƙirin. A baƙin nan asiri ke tonuwa. Lafiyayyen ɗigo mutuwa yake yi ɗif, wanda wuta ke yoyo a cikinsa kuwa sai ya riƙa ƙyalli. Abin da mitar gwajin wuta ba ta kama ba, idon Nafi'u zai kama.

Amma zuciya! Mutumin nan kamar fetur yake.

Wata Laraba aka kawo masa kwali, sikirin ashirin, tara masu ciwo. Ana kiran Magariba ya gama dubawa. Ya buɗe tagar baya, ya shiga wurgi da su wajen rijiyar ɗaya bayan ɗaya, yana zagi. Malam Isyaku, tsohon da ke sayar da caja a gefensa, ya leƙo da buta a hannu.

"Nafi'u, Magariba ce fa. Ko bismilla ka yi."

"Bismilla a kan shara, Baba? Ka je ka yi alwalarka."

Kun ji mutum! Tsoho yana faɗa maka, kana mayar masa da baƙar magana. Da na taran ya faɗa, sai aka ji wani ɗan kuka siriri daga ƙasan tsamiyar. Nafi'u ya ce mage ce, ya rufe tagarsa.

Washegari bayan Isha kowa ya tashi, shi kaɗai ya rage yana aiki. Ba sallama, ba motsin ƙofa. Ɗaga kan da zai yi, ga mace tsaye, doguwa, mayafi har ƙasa. Ta ajiye waya a kan teburinsa.

"Duba min ciwonta." Muryar ta hanci take fita.

"An tashi, Hajiya. Gobe."

"Yau."

Ya buɗe baki zai yi masifar da ya saba, sai idonsa ya kai kan sikirin ɗin da ke rataye a bango. Baƙaƙe ne, suna nuna mutum kamar madubi. Ya ga kansa. Ya ga teburi. Ita babu ita. Ya sunkuyar da kai, ya ga abin da ya leƙo ƙarƙashin mayafin. Kofato ne, na jaki.

Addu'ar da ya sani duk ta gudu daga kansa.

"'Yata tana wasa a bakin rijiya jiya," in ji ta. "Gilashinka ya shiga idonta. Ba ka yi sallama ba, ba ka ambaci Allah ba, da mun kauce. Mu ne shara?"

"Wallahi ban san..."

"Rufe min baki! An faɗa maka. Ina tsaye aka faɗa maka." Teburin ya girgiza, sukuduraba suka zube ƙasa. "An ce idonka ba ya kuskure. To nemo ciwon. In ka samu, ido ɗaya zan taɓa. In ka rasa, biyu."

Fitila ta mutu da kanta.

Ya lalubo wayar. Sanyi ƙalau, ba nauyi. Ya buɗe bayanta, babu batir. Ya ɗora mita, a ɗan haskenta ya ga allurar ko motsi ba ta yi. Amma sikirin ya kama. Ja. Ya bi shi kusurwa zuwa kusurwa, lafiya lau. Kore, lafiya. Shuɗi, lafiya. Gumi na shiga masa ido, yana gogewa da kafaɗa. Yana jin numfashinta a ƙeyarsa, da wari irin na laka.

Baƙi.

Ya ƙura ido. Babu komai. Ya karkata wayar. Babu. Haushi ya taso masa, ya kusa cewa ƙarya take yi, sai ya haɗiye. Karo na farko kenan a rayuwarsa da ya haɗiye magana. Ya rufe ido ya ƙirga goma, yadda yake yi in yana so duhu ya zauna masa. Ya buɗe.

Can ƙasa, ta hagu, ɗigo ɗaya yana ƙyalli, bai kai kan allura ba. Ya kai fuskarsa kusa. Ɗigon ya ƙifta. Ido ne, ɗan ƙarami, yana zubar da hawaye.

"Ga shi," ya ce.

"Ka samu." Yatsa mai sanyi ya sauka a kan idonsa na hagu, daga sama zuwa ƙasa.

Da asuba Malam Isyaku ya same shi kwance a bakin shago.

Tun daga ranar, wani koren layi ya tsaya masa a idon hagu, miƙaƙƙe, irin wanda ke fitowa a lalataccen sikirin. Asibitin ido uku ya je, kowanne ya ce ido lafiyarsa lau. Da na daman yake aiki yanzu. Na hagun kuwa ɗaure yake da ƙyalle, don in ya buɗe shi, ta cikin layin nan yana ganin mutanen ɓoye. A kan katanga, a bakin kwata, a bayan mai babur. Kuma su ma sun san yana ganinsu, juyowa suke yi.

Kwanaki na takura masa sai ya kwance ƙyallen a tsakar gidan nan, don ban yarda ba. Ya kwance. Ya dubi wajen da kuke zubar da ruwan wanke-wanke, ya mayar da ƙyallensa da sauri, ya ɗauki takalmansa a hannu. Bai sake tako gidan nan ba.

Saboda haka duk wanda na kama ya bi ta lungun can shi kaɗai bayan Magariba, ko ya watsa wani abu cikin duhu baki rufe, kafin su taɓa shi ni zan fara.