Fitilar da Ta Koma Ja

A wani zamani wata mata ta rasa mijinta, amma ta ƙi shiga takaba. Da farar fitila ya tafi a jirgin sararin samaniya kallon baƙin ramin sama, wanda ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa.

"Ga fitilarsa can, Inna," ta ce wa surukarta, tana nuna sama. "Yana raye."

Fitilar ta koma rawaya, ta ce yana raye. Ta koma ja, ta ce yana raye.

Tsohuwar ta ce, "'Yata, ramin ne ke riƙe hasken har ya gaji ya yi ja. Tsohon haske kike gani. Mijinki ya daɗe da faɗawa ciki."

Matar ta yi kuka, ta cire 'yan kunnenta, ta shiga ɗakin takaba.

Allah ya jiƙansa, ya ba ta haƙuri. Yara, ku ce amin.