Hotunan da Na Ɗauka da Murfi a Rufe

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, bayan la'asar, Dogo mai gyaran kyamara ya sayar mini da dogon gilashin kyamara na hannu, don ɗaukar taurari masu nisa. Sau biyu na tambaye shi ko yana da aibi.

"Haba Malam, kai da ka koyar da ƙanena? Lafiyarsa ƙalau."

Shekara talatin da biyar na koyar da kimiyya, ba na aiki da ka. Bayan isha na hau saman bene, na kafa kyamara, na saita ta kan taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta. Na ɗauki hoto arba'in. Sannan na rufe gilashin da murfi na ɗauki hotunan duhu, kamar yadda duk mai wannan aiki yake yi don tace dattin hoto daga baya. Baƙi wuluk ya kamata su fito.

Na farko bai fito baƙi ba. Saman benena ne, ga tankin ruwa, ga bayana ina sunkuye. Na shafa murfin. Yana nan daram.

Karnukan layi suka yi tsit. Wani ƙauri ya taso, kamar gashi na ƙonewa.

A na biyu, wani dogon abu yana tsaye jikin tanki. Ba fuska.

A na uku, yana bayan kafaɗata.

Numfashi mai sanyi ya taɓa kunnena.

"Malam," in ji shi a hankali, "buɗe murfin."

Ban waiwaya ba. Da rarrafe na gangara matakala, ƙafata ta goce, mai ɗakina ta ja ni ciki ta danna sakata. Kyamarar tana can har yau. Kullum bayan isha muna jin ta tana ɗaukar hoto, ƙyas, ƙyas.

Da na kai ƙara taron ƙungiyarmu ta masu kallon taurari, wadda shi ma Dogo yake ciki, sai ya yi dariya, ya ce, "Tsufa ne, a kai Baba asibiti." Yanzu ko gaisuwata da tausayi ake amsawa. Alhali telan da ke maƙwabtaka da shagonsa ya rantse mini cewa mutum uku sun dawo da gilashin nan kafin ni.

Dogo, ka san abin da ka ba ni. Ka zo da ƙafarka ka sauke kayanka daga benena. Sannan ka tsaya gaban taron da ka kira ni mai ruɗewa, ka ɗaga murya, ka ba ni haƙuri.