Tauraron da Ya Ɓace Mata

"Idona, kin same shi?"

Ta ƙara manna idonta a bakin ɗan madubin hangen, ta ƙifta, ta sake ƙiftawa har ƙwalla ta taru. Babu komai a ciki sai baƙi ƙirin. Tauraron arewa da take cafkewa a da cikin ƙiftawa da bismilla, yau ko alamarsa babu.

"Idona?"

"Na same shi," ta ce. "Ya zauna a tsakiya."

Mai agogo, saurayinta, ya yi hamdala, ya ɗaure kusoshin na'urar, ya kunna ta. Bai duba ba, kuma bai taɓa dubawa ba. In ta ce ya zauna, to a wurinsa magana ta ƙare.

Na'urar shi ya ƙera abarsa, daga haƙoran tsofaffin agogunan bango da wani ɗan inji da ya ciro a cikin mataccen firinta. Aikinta shi ne ta riƙa juya kyamara a hankali daidai da tafiyar taurari, don a bar idon kyamarar a buɗe yana tara hasken da idon mutum ba ya iya kamawa. Amma sai an saita ta da tauraron arewa tukuna, shi da ba ya barin wurinsa. In an kauce ko da kaɗan ne, taurarin sai su fito a hoto da jela, kamar an watsa shinkafa a baƙin faranti. Shi kuwa tabaraunsa kaurin gindin kwalba gare shi, da ya kai ido bakin madubin sai gilashi ya daki gilashi. Shi ya sa saiti ya zama aikinta, daga nan kuma sunan ya samo asali.

Yayanta, direban tasi da ke rako su wannan gona ta bayan gari, yana kishingiɗe a mota yana mita kamar kullum. Wai mutane na ɗaukar hoton amare su ci abinci, su kuma sun zo ɗaukar hoton duhu, sauro na cin rabonsa a banza.

Da hoton ya fito, Mai agogo ya daɗe yana kallon allon kyamarar. Burinsa tun farko taurarin nan Kaza da 'ya'yanta ne, da wani shuɗin hayaƙi da ya ce yana lulluɓe da su, wanda ba ya fitowa sai kyamara ta daɗe tana kallo. Abin da ya samu shinkafa ce, kamar na makon jiya, kamar na watan jiya.

"Laifina ne," ya ce a hankali. "Akwai haƙorin da ke tsallake. Gobe zan sake kwance ta."

Da za su koma mota sai ta bi sautin tafiyarsa, don ƙasar ma ba ganinta take yi ba.

A shagon wankin hoto inda take aiki suka haɗu. Ya kawo hotuna a buga masa, ta buɗe ta ga duk baƙaƙe ne da ɗigo-ɗigon fari, ta ƙi bugawa, ta ce masa kyamararsa ta lalace, ya je ya nemi mai gyara. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Daga ranar ya riƙa dawowa da hotuna biyu-biyu, alhali yana iya kawo su duka a lokaci guda. Mutum ne marar surutu, mai sana'ar da waya ta kusa kashewa, wanda danginsa suka daɗe da sa shi a layin waɗanda ba za su taɓuka komai ba. Wannan na'ura ita ce abu na farko da ya yi a rayuwarsa ya ɗaga kai. Ita kuma ta so shi, so mai tsanani, irin wanda ke hana mutum faɗin gaskiya.

Dundumin ya fara mata ne kamar wasa. Da magariba ta yi sai ta yi tuntuɓe da bokiti, ta daki ƙofa, Ummanta ta ce rawar kai ce. Daga baya gefe da gefen ganinta ya soma tsukewa. Ta je asibitin ido ita kaɗai, likita ya leƙa, ya tambaye ta ko akwai mai irin wannan a danginsu. Akwai, kawun Umma, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan tabarma ana miƙo masa ruwa. Likitan ya gaya mata ciwon a hankali yake tafiya, amma ba ya juyawa, yana kuma iya bin jini.

Ta fito tana share hawaye, ta kusa karo da mai yankan katin asibitin a bakin ƙofa. 'Yar aminiyar mahaifiyar Mai agogo ce, wadda tun tuni iyayen biyu suka so haɗa su ya noƙe. Suka gaisa faran-faran. Sai da ta hau mota ta tuna katinta na hannun wannan baiwar Allah.

Kullum takan kwana da niyyar gobe za ta gaya masa. Gobe ta yi, ta biya shagonsa, ta tarar da shi a sunkuye ƙarƙashin fitila, na'urar a warwatse kan tebur, yana goga haƙori ɗaya bayan ɗaya da ɗan zarto har yatsunsa sun yi kanta. Ya ɗago ya yi mata murmushi, ya ce wannan karon ya gano matsalar. Sai ta fasa faɗa masa. An riga an tsayar da lokacin aurensu, mahaifiyarsa kuwa dama da ƙyar ta amince.

Mai yankan kati ba ta yi gaggawa ba, sai da lokacin ya matso. Ta je gaishe da mahaifiyarsa da ledar lemo, ta zauna a ƙasa ta tanƙwashe ƙafa, ta ce ita fa ba gulma ta kawo ba, tausayi ne ya hana ta barci. Har ƙwalla ta matso, don ta iya abinta.

Washegari da rana Mai agogo ya shigo shagon wankin hoto, bai zauna ba.

"Tun yaushe?"

Ta gane.

"Tun kafin damina..."

"Tauraron fa? Duk daren da kika ce min ya zauna?"

Ta sunkuyar da kai.

"Sau nawa na kwance na'urar nan a gabanki?" in ji shi. "Har na fara yarda da abin da ake faɗa a kaina, cewa hannuna ba ya gyara komai. Kina zaune kina kallona."

"Tsoro na ji, masoyina. Tsoron ranar nan na ji."

Ta fashe da kuka. Ya tsaya yana kallonta, fushin na zagwanyewa daga fuskarsa, wani abu daban na maye gurbinsa. A lokacin ta ɗauka sauƙi ne ya zo mata.

Ya tsaya mata, wannan kam ba za a ƙwace masa ba. Mahaifiyarsa ba muguwa ba ce, mace ce da ta yi jinyar miji shekara da shekaru ta san ɗacin abin. Ta ce masa shi kansa da tabarau yake lalube, in ya ɗauko wadda hasken idonta ke tafiya, wa zai ja wani? 'Ya'yan da za a haifa fa, me suka yi? Ta yi kuka, ta daina cin abincin kirki, ƙannenta suka yi ta sintiri a gidan. Ya durƙusa a gabanta ya ce ya ji duka, amma alƙawari ya riga ya ɗauka. Da aka kawo wa Umma labari ta ce lallai yaron nan ɗan halak ne. Ita kuwa 'yar tata, kalmar alƙawari ce ta tsaya mata a rai, don ba ita ta so ji ba.

Daga nan ya zama mutumin kirki, kirkin da ya fi zagi ciwo. Shi da suke musu kan komai, har kan wanda ya fi wani iya haɗa shayi, yanzu duk abin da ta faɗa sai ya ce haka ne. In za su tsallaka titi da rana tsaka, inda take gani sarai, sai ya tare motoci da hannu. Yana kawar da kujeru daga hanyarta, yana rage murya in zai yi mata magana kamar mai gaida marar lafiya. Sunan nan kuma ya daina kiranta da shi. Sau ɗaya ya suɓuce masa, ya ce "Ido..." sai ya haɗiye sauran ya hau tari. Ta so ta ce masa ya kira, ita sunan bai taɓa yi mata zafi ba sai da ya daina.

Na'urar ta yi ƙura a kan kantar shagonsa. Ita ce ta matsa masa su koma gona, don ta ga yadda yake satar kallon sama in sun fito. Ya ce to wa zai yi saiti? Mahaifiyarsa na jin haka ta ce ai ga 'yar aminiyarta nan, idonta garau, ta raka su mana.

Haka suka tafi su huɗu. Ita ta zauna a mota kusa da Yaya, wanda yau bai yi mita ko ɗaya ba. Tana jin Mai agogo yana koya wa waccan yadda za ta durƙusa, yadda za ta juya kusar hagu kaɗan, ta dama kaɗan, da kalmomin da ya koya mata da su. Tana jin waccan tana dariya tana cewa ai abin ba wuya. Sai shiru ya biyo baya, ba ka jin komai sai ɗan kukan injin.

Can sai ta ji ya yi wata irin sowa da rabonta da jin irinta tun farkon haɗuwarsu. Ya taho da gudu, ya miƙo mata kyamarar ta taga. Allon na da haske, don haka ta gani. Taurarin sun fito ɗigo-ɗigo tsaf, babu jela ko ɗaya, ga shuɗin hayaƙin nan ya naɗe su. Ba ta taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Ashe na'urarsa lafiyarta ƙalau tun ranar farko.

Ta ɗago za ta taya shi murna, sai ta ji murnar ta mutu a muryarsa.

"Yi haƙuri," ya ce. "Ban yi tunani ba. Bai kamata in yi ihu haka ba."

Yaya ya juyar da kai waje yana jan hanci, wai ƙura ce ta shiga masa.

Ta kwana tana juyi. Tana iya jure makanta, ta riga ta fara koyon ƙirga matakalar gidansu. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta zauna da mutumin da zai riƙa ba ta haƙuri duk ranar da ya yi farin ciki.

Da la'asar sakaliya ta je shagonsa. Agogunan bango na ta bugawa, kowanne da nasa lokacin. Ya tashi da sauri zai janye mata kujera, ta ce ya bari.

"Tambaya ɗaya na zo yi maka, kuma kada ka tausaya min wajen amsawa. Da a ce yau ka fara ganina, a haka, ka san komai... za ka dawo da hotuna biyu-biyu?"

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Bakinsa ya motsa.

"Ba zan taɓa barinki ba," ya ce. "Wallahi ba zan bar ki ba."

"Na sani. Ba ita na tambaya ba."

Hawaye suka riƙa bin gefen hancinsa. Ta jira, ta ba shi lokaci har fiye da yadda ya kamata, tana roƙon Allah a zuci ya sa ya yi mata musu ko sau ɗaya, ya ce ƙarya take, ya daka mata tsawa ma in ya so. Bai iya ba, don shi bai iya ƙarya ba.

"Na sauke maka alƙawarin," ta ce. "Yaya zai zo ya yi wa manya bayani. Ka gaida Mama, ka ce ta ci abinci."

"Bari in raka ki, rana ta kusa faɗuwa."

"Kada ka biyo ni. In kana ganin girmana, ka zauna inda kake."

Ta fito da ƙarfinta, kanta a sama, ta wuce mai faci, ta wuce kantin magani. Kafin ta kai babban titi hasken ya gudu. Fitilun motoci suka zama wasu dunƙule-dunƙulen haske masu tahowa ta ko'ina, gefen titin ya narke ya haɗe da kwalta. Ta tsaya cak a bakin hanya, jaka a ƙirji, ta kasa gaba ta kasa baya.

Ba ta waiwaya ba, amma kunnenta duka yana baya. Ta san takunsa, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ta ce a ranta in ya zo za ta yi masa faɗa sosai, sannan ta bar shi ya tsallakar da ita.

Mutane suka yi ta wucewa suna gogar kafaɗarta.

Sai ta ji an kama hannunta. Har ta juyo da sunansa a bakinta. Hannun ƙarami ne, mai kaushi, yana ƙanshin burodi.

"'Yata, tun ɗazu nake ganinki daga teburina," in ji wata tsohuwar murya. "Tsallakawa za ki yi, ko akwai wanda kike jira?"

Ta ƙara saurarawa kaɗan.

"Tsallakawa zan yi, Iya," ta ce. "Ba na jiran kowa."