Fatar Karfasa a Hannun Zinariya

Mugun hali ne mutum ya ga abin da bai sani ba, ya ƙi tambaya, ya yanke hukunci. Shi ya kayar da Hajiya Iklima ta Ƙofar Sauri.

Saura wata biyu auren Zinariya da Faruk, gas ya ƙone mata hannu har gwiwa. A asibiti aka lulluɓe ƙunar da fatar kifin karfasa wadda aka tsaftace. Likita ya ce duk wanda ya ɓare ta kafin lokaci, ya jawo wa hannun ruɓa.

Hajiya Iklima, gwaggon Faruk, ta zo dubiya, ta ɗaga bandeji ba izini. Sai ta yi baya tana salati.

"Ɓawon kifi! Ɗiyar nan 'yan ruwa sun aure ta!"

"Gwaggo, magani ne..."

"Rufe min baki! Ɗanmu ba ya auren kifi!"

Kafin azahar labari ya kai Kambarawa, unguwar su Faruk. Dangin ango suka ce a maido lefe.

Zinariya ta kasa cin abinci. Sai kallon zanen ɓawon take. In ya zauna har abada fa? In Faruk ya gani ya gudu?

Washegari Hajiya ta dawo da ruwan rubutu, ta danne hannun.

"Yau zan ɓare tsiyar nan!"

"Don Allah Gwaggo! Wayyo hannuna!"

Farcenta ya shiga gefen fatar ke nan aka banko ƙofa.

"Gwaggo, sake ta!"

Faruk ne, yana haki.

"Daga wajen likita nake. Kin tambaye shi?"

Hajiya ta saki hannun.

Zinariya ta ja mayafi ta rufe hannun. "Yaya Faruk, kada ka kalla..."

"Buɗe, Zinariyata."

Ta buɗe, ido a runtse, tana jiran ta ji takun fitarsa.

"Wannan ne abin tsoron? Ni da nake cinye kifi har kai?"

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka.

Da lokaci ya yi likita ya cire fatar, sabuwa ta bayyana, da ɗan tabo. Dangin ango suka janye maganar maido lefe, aka ɗaura aure ranar da aka sa.

Ita kau Hajiya Iklima, ga abin da ta rasa. Ba ita ta karɓi amarya ba, alhali haƙƙinta ne. Faruk da ta goya ya koma gaishe ta daga zaure. Kuma har yau, in aka yi rashin lafiya a dangi, ɓoye mata ake.