Ƙafar Yahuza

Naja'atu ta ɗaga labule da kwanon koko a hannu, wani mugun wari ya doke ta. Kwana goma sha ɗaya ke nan da mijinta Yahuza ya faɗi da mashin a hanyar Gazara, ya ɗauko rake, ƙafarsa ta dama ta karye. Mai ɗori ya ɗaure ta tamau da kara da tsumma, ya ce kada a kwance sai wata ya cika. Yanzu yatsun sun yi baƙi ƙirin, ƙudaje sun yanyame tsumman.

Inna Hajo, mahaifiyarsa, na durƙushe tana ƙara turaren wuta a kasko.

"Inna, don Allah a kai shi asibiti. Ƙafar nan ruɓewa take yi."

"Tir da bakinki! Asibiti? Su da ba su iya komai ba sai yanka! Da ƙafa biyu na haife shi, da biyu zai koma ga Ubangijinsa. Miƙo min garwashi, 'yan dubiya na tafe, kada su ji wari su kai mu gari."

Wannan magana ta fi warin ɓata wa Naja'atu rai. Inna na fita tsakar gida ta ɗaga bakin tsumman. Tsutsotsi ne farare, suna motsi! Ta saki tsumman, ta dubi mijinta.

"Yaya, ka gani kuwa? Mutuwa kake so?"

Yahuza ya juya fuska bango, hawaye na bin kunnensa.

"Naja, watanmu bakwai kacal da aure. In aka mai da ni gurgu, da wane ido za ki riƙa kallona?"

"Da idon da nake kwashe maka fo kullum safiya! Ka ga na gudu? Haba Yaya, kai na aura ko ƙafa?"

Ta ɗauki waya ta kira wanta Zulkifilu, ya zo da mota. Inna ta tare ƙofa tana haki.

"Kika fita da shi, babu ni babu ke!"

"Inna, ki yafe min," in ji Yahuza. "Ni na ce a kai ni."

A Zariya likita ya kwance ɗorin, wata nas ta ruga waje. Ya ce da an ƙara kwana biyu, sai dai likkafani. Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Wata huɗu Inna ba ta amsa gaisuwar Naja'atu ba. Har gidan biki take faɗin suruka ta sa an guntule mata ɗa. Naja'atu ta yi kuka ta gode Allah, amma kullum sai ta durƙusa ta gaishe ta. Yahuza ya warke, ya koyi tafiya da sanda, ya kama sayar da mazarƙwaila a kasuwar Maƙarfi.

Ran nan maƙwabciyarsu Huseina ta shigo a ruɗe: hannun mijinta da aka ɗora ya kumbura, ya fara sauya launi. Ta roƙi Inna ta ba ta shawara.

Inna ta dube ta, ta ce:

"Ni ba ni da ta cewa, na kusa kashe nawa. Naja'atu! Zo, 'yata, ki raka ta asibiti."

Iyaye, mu ji tsoron Allah, mu daina ɓoye ciwo don gudun bakin mutane. Gaɓa amana ce, amma rai ya fi ta. Ke kuma da ake zagi a kan gaskiya, yi haƙuri, Allah na gani.