Injin Busar da Kayan Pani Danuta

Da safiyar Alhamis Pani Danuta Sowa (Pani, wato Malama a harshensu) ta sauka ƙarƙashin benensu, inda kowane gida yake da ɗan sitonsa, ta buɗe nata. Kwalin yana nan tsaye yadda ta bar shi. Ta dafa shi, sai ya tafi luu ya jingina da bango. Injin busar da kayan da aka kawo mata ranar Talata ba ya ciki.

Saja Halina Drozd aka turo daga ofishin 'yan sandan garinsu, Sanok. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta gaggawa, kuma ba ta tambayar abu sau biyu. Tun shigowar Oktoba ake tafka ruwa, daji ya cika da lemar kwaɗi irin ta miya, duk mai ƙafa a garin ya je ya ciko kwando. Benen nan ma tun daga ƙofa ƙamshinta ke dukan hanci. A matakalar ƙasa Halina ta raɓe ta ba wata 'yar tsohuwa hanya, tana hawowa da ruwa a ƙaramin bokiti.

"Sannu da aiki, Saja," in ji tsohuwar. "Ki taimaki ƙawata, tun safe take kuka."

Danuta ba kuka take ba, fushi take. Ta tari Halina a bakin sito, hannu a ƙugu.

"Jibi za a sallamo mijina Zenon daga asibiti. Huhu ne. Likita ya ce muddin zan ci gaba da shanya jiƙaƙƙun kaya a cikin ɗaki, to in bar masa gadonsa a can, don zai dawo. Bangonmu duk funfuna ce baƙa. Shi ya sa na sa aka kankare ana fenti, shi ya sa injin ya sauka nan tukuna."

"Wane iri ne?"

"Mai ƙarancin cin wuta. Sai da na kusa haukata masu kantin kafin na zaɓa. Ba irin mai hura zafi waje ta bututu ba ne. Wannan juya ɗuminsa yake a ciki, kamar firij da aka birkice. Zafinsa kaɗan ne, ko rigar ulu ba ya ƙonawa."

"Wa ke da mukullin nan?"

"Ni da Tadek, ƙanen mijina, don shi ya ce zai hau min da shi jiya, bai zo ba. Sai Krystyna, wadda kika gamu da ita yanzu. Amma ita ai 'yar'uwa ce, tare ma muka je kantin."

Halina ta duba ƙofar, ba a ɓalle ta ba. An yanka kwalin da almakashi, a tsanake, ta gefe. Littafin bayani da takardar garanti suna ƙasa.

"Ban da injin, me ya ɓata?"

Danuta ta waiwaya, ta nuna wata ƙusa. "Ragar ƙarfen! Dabam na saye ta. Ana kafa ta a ciki, ba ta juyawa, don takalmi da kayan ulu. A nan na rataye ta."

Halina ta fara da kantin. Leszek, mai kai kaya, ƙato ne mai gashin baki, kuma tun kafin ta buɗe baki ya ɗaga hannuwa sama.

"Na sani, Saja. In kaya ya ɓata, direba ne. In ruwa ya yi yawa ma direba ne."

"Ka san inda injin yake, kana da mota."

"In da ni ne, zan bar kwali da garanti? Wa zai sayi inji tsirara? Kuma ki je ki dubi matakalar nan. Mu biyu muka sauke shi, a kwanar sai da muka kankare fentin bango, mutanen bene suka fito suna zaginmu. Ga shi ba a kwantar da shi, a tsaye yake tafiya kamar firij."

"Sai an haɗa shi da me kafin ya yi aiki?"

"Wuta kawai. Ko a kabad kika kulle shi zai yi. Ruwan da ya tsotso daga kaya yana taruwa a wani aljihu a sama, in ya cika ki zaro ki zubar."

Halina ta gode masa. Gaskiyarsa ce, mai niyyar sayarwa ba ya barin takardu. Wanda ya ɗauki injin nan amfani yake so ya yi da shi.

Gidan Tadek yana bakin gari. Sunansa ya riga shi zuwa ofis tuntuni, don mutum ne mai son kwalba, kuma duk abin da ya ɓata a dangi shi ake kallo. Ya buɗe ƙofa, hannunsa na dama a naɗe cikin filasta har kafaɗa.

"Yaushe?" Halina ta tambaya.

"Litinin. Santsi ya kwashe ni a daji, ni da kwando muka gangara tare. Kar ki gaya wa matar Yaya, za ta ce sha na yi."

"Ka sha?"

"Kaɗan, don sanyi."

Kicin ɗinsa kamar gidan wanka don tururi. An jera lemar kwaɗi a zare an rataye saman murhu, wata tana cikin tandar gasa burodi an bar ƙofar a buɗe. Rabi ta yi baƙi, rabi ta fara ruɓewa.

"Dubi asara, ranki ya daɗe," in ji Tadek. "Shekarar da aka fi samu, ita ce ba rana. Ka ƙara wuta ta ƙone, ka rage ta ruɓe. Bana miyar jajiberin Kirsimeti sai dai a sha da gawayi."

Halina ta tsaya tana kallon zaren nan. Sai ta yi murmushi, abin da ba ta cika yi a bakin aiki ba, ta ce masa ya kula da hannunsa.

Da azahar ta koma benen. Ta sa Danuta ta kira Krystyna Wilk, su uku suka sauka ƙasa. Krystyna ta zo da gyalenta na coci, tana ta sannu da ƙoƙari.

"Pani Krystyna, ina famfo yake a nan ƙasa?"

"Famfo? Ai babu, Saja. Shekara nawa muna roƙo a sa mana."

"To ruwan da kika hau da shi ɗazu, daga ina?"

Tsohuwar ta gyara gyale. "Na firiza ne. Ina da tsohuwar firiza a sitona, ita nake narkarwa."

"Ga ta can ina jin kukanta. Firizar da ake narkarwa a kashe take. Buɗe mana."

"Haba Saja," in ji Danuta. "Matar nan ko buhun dankali ba ta iya ɗagawa. Ta yaya za ta hau bene da inji?"

"Wa ya ce ya hau?" in ji Halina.

Siton Krystyna yana daura da na Danuta, taku kaɗan ne tsakani. Krystyna ta sa mukulli. Ƙofa na buɗewa ƙamshi ya bugo su kamar an buɗe tukunya. A bayan firiza, an lulluɓe da labule, ga injin tsaye kan tsohon bargo, fitilarsa na ƙiftawa. Halina ta buɗe shi. A kan ragar ƙarfen an jera lemar kwaɗi yanka-yanka, fara tas, ta bushe ƙayau, ko ɗaya ba ta ƙone ba.

Danuta ta dafa bango. Ba injin take kallo ba, ƙawarta take kallo.

Halina ta yi bayani a taƙaice, yadda ta saba. "Ba a ɓalle ƙofa ba, don haka mai mukulli ne. Tadek hannu ɗaya gare shi. Injin ba ya hawa matakalar nan sai bene duka ya ji, ke nan bai fita ba. A kan bargo kuwa ko tsohuwa za ta iya jan sa. Ɓarawon titi ba ruwansa da raga a jikin ƙusa, sai wanda ya tsaya a kanti ya ji an ce tana busar da abu ba juyawa, da ɗan zafi kaɗan. A watan nan, a garin nan, me kowa ke neman busarwa da ɗan zafi? Injin ba ya son bututu, ga wutar firiza, ga kukanta na rufe nasa, ga ƙamshin da ya riga ya cika bene. Abu ɗaya ne ba ya ɓoyuwa. Lemar kwaɗi kusan duk ruwa ce, aljihun yana cika, dole a zubar. Mutane da ruwa suke sauka nan don wanke ƙasa, ba wanda ke hawa da shi."

"Aro na yi, ƙawata," in ji Krystyna, murya ƙasa-ƙasa. "Wallahi gobe zan mayar. Na ga fentinki bai bushe ba, yana zaune a banza, ga kwandunana suna ruɓewa. Ban zaci za ki sauko yau ba."

"Kika bar ni na kira 'yan sanda? Kika bar ni ina zagin Tadek?"

"Kunya ce ta hana ni."

Danuta ta zaro matatar injin. Matatar ta toshe da ƙurar lemar kwaɗi mai ruwan ƙasa, dangin funfuna. Ta shafa da yatsa, ta duba, idonta ya kawo ruwa. Irin abin da likita ya ce kada ya kusanci huhun Zenon ke nan, ga shi cike da injin da ta saya don ta raba shi da shi. Wannan ya fi satar yi mata ciwo.

Halina ta buga wa Leszek waya. Ya ce injin zai wanku, amma sai an kwance shi a kanti, kuma ba zai dawo ba sai mako mai zuwa.

"Pani Danuta, ƙara tana hannunki," in ji Halina. "In kin ce a rubuta, yanzu zan rubuta."

Danuta ta share ido da bayan hannu, ta miƙe tsaye sosai.

"Bar shi, Saja. Kotu ba za ta busar min da zanen gado ba." Ta juya ga Krystyna. "Ke za ki biya wankin injin. Kuma Zenon zai dawo jibi, ba fashi. Kullum ana canza masa zanen gado da tawul da rigar barci. Kafin injin ya dawo, duk abin da na wanke, a falonki za a shanya shi."

"A falona? Da wannan ruwan? Ai bangona zai yi baƙi!"

"Zai yi," in ji Danuta. "Hau ki ɗaura igiya, akwai wanki a baho tun jiya."